Shafin Gini da Muhalli: Wa ke tsare gidan da babu kowa a ciki?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a kan teburina wannan watan, fiye da rabinsu kuka ɗaya suke yi, wato gidan da aka kulle aka tafi, ko kangon da mai shi ya manta da shi. Shekara talatin da huɗu ke nan ina sana'ar gini a Kano da kewaye, daga ɗaukar kwanon siminti har zuwa duba aikin magina, kuma gidajen da na ga zaman banza ya kashe sun fi waɗanda na ga gobara ta ci. Na zaɓi wasiƙu biyar.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Legas da iyalina. Shekara uku da suka wuce na gama gida mai ɗaki huɗu a wajen Kumbotso, da niyyar in tare idan na dawo gida. Na sa ƙofar ƙarfe da manyan kwaɗuna biyu. Da na zo babbar Sallah na tarar da ƙofar a kulle yadda na bar ta, amma an zare wayar wutar gidan kaf, an kwance kawunan famfo, an ciro sumo daga rijiyar burtsatse. Ta ina zan fara? (Wani mai karatu daga Agege)

Amsa: Alhaji, ina yi maka jaje, Allah ya mayar maka da alheri. Na san zafin abin, domin kowane bulo na gidan nan guminka ne.

Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ƙofa tana kulle yadda ka bar ta. Waɗanda suka yi maka wannan aiki ba su taɓa kwaɗonka ba. Katanga suka haura, sannan suka shiga ta tagar banɗaki ko suka ɗaga kwano ɗaya suka sauka ta silin. Kuma ba a dare ɗaya suka yi ba. Ni da nake tsayawa kan masu aikin waya, na san zare wayar gida mai ɗaki huɗu daga cikin bututu aiki ne na zama, ɗaki bayan ɗaki, soket bayan soket. Wanda ya yi shi ya tabbata a ransa cewa babu mai zuwa yau, babu mai zuwa gobe.

Ta yaya ya tabbata? Gidan ne ya faɗa masa. Ciyawa ta fito a bakin ƙofa ba a taka ta ba. Ƙura ta kwanta babu sawun ƙafa. Takardar kuɗin wuta ta makale a jikin ƙyaure har rana ta cinye rubutun. An manna hoton ɗan takara a katanga, zaɓe ya wuce, babu wanda ya ɓamɓare. Sai kuma manyan kwaɗunan nan biyu da ka rataya ta waje, waɗanda duk mai wucewa ya san ma'anarsu, domin mutum ba ya kulle kansa ta waje. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa wa masu gida ba sa son ji: kwaɗo yana jinkirta ɓarawo na 'yan mintuna, amma sawun mutum ne ke hana shi zuwa.

Abin da suke nema sananne ne. Jan ƙarfen da ke cikin waya da cikin injin sumo, tagullar kawunan famfo, alminiyon tagogi, duk a kan sikeli ake saye, kilo-kilo, kuma da an ƙone robar waya babu mai iya cewa daga gidan wane ta fito. Ba na zargin duk 'yan jari bola da 'yan gwangwan, na san da yawa a cikinsu da ke cin halaliyarsu cikin rana da wari. Amma ɓata-garin da suka fake da sana'ar sun yi yawa, har ta kai a watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana yawon jari bola a cikin birnin, suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, bayan an yi ta sace murafen ƙarfe na ramukan kan titi. In ana cire murfi a tsakiyar titin Abuja, ina ga gida a bayan Kumbotso?

To, ga inda za ka fara. Ka ɗauki hoton duk inda aka lalata kafin a taɓa komai, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankin, sannan ka je da ƙafarka ka gaida mai unguwa da limamin masallacin layin, ka ba su lambar wayarka. Da yawa daga masu gini a sababbin unguwanni, maƙwabtansu ba su san fuskarsu ba, ballantana su san wa za su kira in sun ji ana buga guduma da dare.

Kada ka sake sa waya yanzu. Wannan ita ce asarar da mutane suke maimaitawa, su gyara a watan Sallah, a sake kwashewa kafin Maulidi. Bar bututun a wofi har ranar da mutum zai kwana a gidan. Haka sumo, kada ka mayar, a rufe bakin rijiyar da murfin ƙarfe a yi masa walda. Ƙofofin da ba a buƙata a sa musu sakata ta ciki, a bar ƙofa ɗaya tak ta shiga, ita ma mai walda ya yi wa kwaɗonta akwatin ƙarfe yadda almakashin yanka ƙarfe ba zai same shi ba. Tagar banɗaki da ta kicin, waɗanda ake raina wa saboda ƙanƙanta, a sa musu ƙarfe mai kauri kamar na sauran.

Amma in shawarata kake so tsakani da Allah, ka zuba 'yan haya. Na san abin da za ka ce, za su ɓata maka gida. Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Na taɓa gina gidaje biyu a layi ɗaya, shekara ɗaya, zane ɗaya, kafinta ɗaya. Mai na farko ya bai wa wani malamin makaranta haya. Mai na biyu ya kulle nasa, ya ce sai ɗansa ya tashi aure. Bayan shekara bakwai aka kira ni in duba na biyun saboda biki ya matso. Da muka tura ƙofar ɗakin farko, ƙyauren ya biyo hannunmu, gara ta cinye katakon ta bar fenti kawai a tsaye. Ƙusa ɗaya ce ta saki a rufi, ruwa ya yi ta ɗiga damina bakwai, silin ɗin falo ya rufto, katakon rufi ya ruɓe. Jemagu sun tare a sama, wata 'yar cediya da tsuntsu ya kawo irinta ta tsiro a tsagar katanga har saiwarta ta buɗe bulo. Gidan malamin makaranta kuwa, fenti ya yi dauɗa, yara sun yi zane a bango, tayil biyu sun fashe, ke nan. Ranar da ƙusarsa ta saki, matarsa ta ga ɗigo a kan gado, washegari aka toshe. Ɗan haya fenti yake ɓatawa, kuma fenti ya fi komai arha a jikin gida.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu shekara shida ke nan, ya bar gida a cikin birnin Zariya. Mu tara ne, har yau ba a raba gado ba, kowa yana wani gari. Gidan yana lalacewa. Wani kawunmu ya ce a bar shi ya zauna kyauta ya riƙa kula da shi, amma yayyena suna tsoron kada a wayi gari ya ce nasa ne. Mene ne mafita? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kawunku yana da gaskiya, yayyenki ma suna da gaskiya, kuma takarda ɗaya za ta haɗa gaskiyar biyu.

Tsoron yayyenki yana da tushe a shari'a. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu suke bi akwai abin da ake kira hauzi. Idan baƙo ya riƙe gida shekara goma yana juya shi kamar nasa, mai gidan yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Wannan yana cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu. Tsakanin 'yan'uwa da surukai wa'adin ya fi haka tsawo nesa, alƙalai kan ambaci shekara arba'in. Kuma hauzi ba ya hawa kan wanda ya shiga gida da aro ko haya ko jingina. Matsalar ita ce tabbatar da cewa aro ne. Yau kowa ya sani. Bayan shekara ashirin, kawu ya rasu, dattawan da suka san zancen sun rasu, 'ya'yansa da aka haifa a gidan sun tashi ba su san wani gida ba, su ba ƙarya za su yi ba in sun ce na ubansu ne, abin da suka gani ke nan. Yawancin shari'un gida da aka kira ni in auna ko in kimanta, haka suka faro, da alheri da ba a rubuta ba.

Saboda haka ku bar kawu ya shiga, amma a rubuce. Takardar ta faɗi cewa gidan na magadan wane ne, an ba wane ya zauna na shekara ɗaya, ana sabuntawa duk shekara. Ta faɗi ɗakunan da zai yi amfani da su, da waɗanda za su zauna a kulle. Ba zai ƙara gini ba, ba zai rushe ba, ba zai sa wani haya ba sai da izini a rubuce. Ƙananan gyare-gyare nasa ne, manya na magada. In za a tashe shi, a ba shi wata uku ko shida. Shi ya sa hannu, wakilinku ya sa, mai unguwa da shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Ni nakan ƙara da cewa a yanka wani ɗan kuɗin haya, ko da bai kai kuɗin buhun masara ba, a riƙa ba shi rasit, domin mai biyan haya ba ya iya cewa gida nasa ne. In kuna jin nauyin karɓa, ku mayar masa ta wata hanyar a matsayin zumunci.

Wani zai ce rubutu tsakanin ɗa da kawu rashin kunya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Ku gaya wa kawu cikin ladabi cewa takardar tana kare shi ma, kada gobe wani daga cikinku ya zo da fushi ya watso masa kaya waje.

Wannan dabara ta sa mutum ya zauna don gida ya tsira ba mu kaɗai muke yi ba. A ƙasar Holan da Ingila akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan, suna zuba mutane a makarantu da ofisoshin da aka daina amfani da su, a kan kuɗi kaɗan da yarjejeniyar tashi cikin gajeren lokaci, don kada ginin ya zauna babu kowa. Mu mun gaji abin tun kakanni, ana ba malami zaure ko a ba sabon ango ɗaki. Rubutun ne kawai muke sakaci da shi.

Akwai wani haɗarin da ba ki ambata ba, kuma ya fi na kawu girma. Gidan gado da ba a raba ba, shi 'yan damfara suka fi so, wani lokaci ma ɗaya daga cikin magadan ne bashi zai kama shi ya sayar a ɓoye. Ku tattara takardun gidan a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, ba a cikin gidan ba, ku bincika matsayinsu a ofishin KADGIS da ke kula da rajistar filaye a jihar Kaduna, ku shaida wa mai unguwa da dillalan unguwar cewa babu mai ikon sayarwa shi kaɗai. Rubutun nan da ake yi a bango cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne yana da amfani, amma yana kuma shelar cewa masu gidan ba sa nan, don haka sai an haɗa shi da mazauni.

Daga ƙarshe, ku raba gadon nan. Shekara shida ta isa. A cikinku tara akwai mai buƙatar kasonsa yau, kuma kowace damina tana rage abin da za a raba.

Tambaya: Ina da shago da ɗakuna biyu da na rufe a Maraɗi, ina aiki a Yamai. Idan na sa kyamara mai sola wadda zan riƙa gani a wayata, ta wadatar? (Wani ma'aikaci daga Yamai)

Amsa: Ba ta wadatar ba, Malam, amma ba asara ba ce. Kyamara gani take yi, ba ta da hannu. Tsakanin Yamai da Maraɗi ya haura kilomita 600. In wayarka ta yi ƙara ƙarfe biyun dare ka ga mutum a tsakar gida, wa zai isa wurin cikin minti goma? In kana da amsar wannan tambaya, sayi kyamarar. In ba ka da ita, fara nemo mutumin. Sannan ka sani fanel da batirin kyamarar su kansu abin sata ne, a kafa su can sama inda sai da tsani, a yi wa mazauninsu walda, a riƙa goge ƙurar hunturu daga kan fanel ɗin, a kuma tuna da sabunta kuɗin intanet na layin da ke ciki. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin kyamara da fitilar sola mai haske a ƙofar shago wadda maƙwabta za su riƙa shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta suna hira, fitilar zan ɗauka. Ko kuma ka ba mai shayi ko mai kayan miya izinin kafa teburinsa a bakin shagon.

Tambaya: Jikin gidana akwai kango da aka kai linta aka bari, ya fi shekara goma. Ba mu san mai shi ba. Yanzu samari sun mayar da shi wurin shaye-shaye, ana zuba shara, akwai ramin sokawe a buɗe. Ina da 'yan mata uku da ke wucewa ta nan zuwa Islamiyya. Wasu maƙwabta sun ce mu cinna wa ciyawar wuta mu kori yaran da sanduna. Ina cikin damuwa. (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Malam, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai, domin ni ma uban 'ya'ya mata ne.

Ina roƙonku kada ku sa wuta, kada ku ɗauki sanda. Wutar ciyawa a lokacin iska ba ta san iyakar fili ba, rufinka ne mafi kusa. Fito-na-fito da yaran da suka sha kuwa, kai da kake kwana a jikin kangon kai za su riƙe a zuciya.

Abu na farko yau ɗin nan, kafin ku nemi kowa, shi ne ramin. A rufe shi da katako mai ƙarfi ko faranti na ƙarfe a danne da bulo. Ramin sokawe da ya cika da ruwan sama ya isa ya haɗiye yaro ɗan shekara biyar, kuma jami'an kashe gobara na Kano sun sha ciro mutane daga rijiyoyi da kududdufai. Wannan ba ya jiran izinin mai fili.

Na biyu, mai kangon ba aljani ba ne, akwai wanda ya sayar masa. Mai unguwa ko dagaci ko dillalin da ya yanka filayen layin, ɗaya daga cikinsu ya san shi ko magadansa. Sau da yawa za ka tarar mai shi ya rasu, ko karayar arziki ta same shi yana jin kunyar zuwa. Ku je masa a matsayin jama'ar unguwa, da takarda mai sa hannun magidanta, kada ka je kai kaɗai. Ku nemi abu mai sauƙi da zai iya amincewa da shi nan take: a share ciyawa, a kwashe shara, a toshe ƙofofi da tagogi da bulo, a sa ƙofa ɗaya mai makulli. Toshe tagogin kango da bulo ba wani kuɗi mai yawa ba ne, kuma in an yi shi da kwaɓi mai laushi, ranar da za a ci gaba da gini a cire bulon a yi amfani da shi. In ba shi da hali, ku yi karo-karo da izininsa a rubuce. In ya yarda a rufa ɗaki ɗaya a sa mai gadin unguwa ko a yi makarantar allo da rana, an gama magana.

In ya yi taurin kai, a tuna masa abu biyu. A addini, babu cuta babu cutarwa, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don mutum bai tare ba. A doka kuma, dokar hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta hukunta mai gida ko mai kula da gida da ya bari da saninsa ana ajiye ko sayar da miyagun ƙwayoyi a ciki, kuma da zarar kun kai masa takarda ba zai ƙara cewa bai sani ba. A jihohi irin su Anambra da Edo gwamnati ta sha rushe gine-ginen da aka samu masu garkuwa da mutane suna amfani da su. Ku kai kwafin takardarku ga baturen 'yan sanda na yankin da hukumar KNUPDA mai kula da tsarin gine-gine a Kano, a kuma sa 'yan sintirin unguwa su riƙa bi ta nan.

Kada ka raina sharar ciyawa da toshe taga. Mu mun daɗe da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1982 wasu masana biyu a Amurka, James Wilson da George Kelling, suka yi wani rubutu da ya shahara a kan cewa tagar da ta fashe aka bar ta, gayyata ce ga mai fasa sauran. Birnin Filadelfiya na Amurka ya gwada abin a aikace. Daga 2011 aka fara tilasta wa masu gidajen da aka yasar su sa ƙofofi da tagogi na gaske, aka kuma ga laifuka sun ragu a kewayen gidajen da aka gyara. Wani binciken da aka fitar a 2018 a birnin ya nuna cewa a unguwannin talakawa, inda aka share filayen banza aka shuka ciyawa aka kewaye da ɗan shinge, harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100. Ba a ƙara ɗan sanda ko ɗaya ba, wurin ne kawai ya nuna yana da masu shi.

Zan ƙara abu ɗaya. Yaran nan 'ya'yan wasu ne, wataƙila na layinku ko na bayansa. In an toshe kangon za su koma wani. Dattawan unguwa su nemi iyayensu. Kuma ba duk wanda ke kwana a kango ne ɓata-gari ba. A Maiduguri da Abuja da nan Kano na ga iyalai da rikici ya raba da garuruwansu suna fakewa a kangaye da 'ya'yansu, sun share wuri sun rataya buhu a taga. Irin waɗannan, in an san su an yi yarjejeniya da su, su ne masu tsaron ginin.

Ga masu gini kuma, ina da roƙo. In kun san kuɗin ba zai kai ba, kada ku tayar da ɗaki shida ku bar su a linta. Ku gama ɗaya da rufinsa da ƙofarsa da banɗaki, ku sa mutum. Kada a haƙa sokawe sai an shirya rufe shi a makon. Rodin da aka bari a tsaye yana shan ruwa shekara da shekaru tsatsa ke ci, bulon da ba a yi wa filasta ba yana zubewa, ranar da aka dawo sai a tarar rabin aikin sai an sake.

Tambaya: An yi wa maigidana canjin wurin aiki, za mu bar gidanmu na kanmu wata takwas, damina za ta same shi a rufe. Me za mu yi kafin mu tafi? (Wata uwargida daga Katsina)

Amsa: Hajiya, kin yi tambaya a kan lokaci. Fara daga sama. Kafinta ya hau rufi ya bi ƙusoshi, ya danne duk kwanon da iskar farkon damina za ta iya ɗagawa, a share indararo da magudanar tsakar gida, domin ganyen darbejiya kaɗai ya isa ya toshe ta ruwa ya koma ɗaki. Reshen da ya hau rufi ko ya jingina da katanga a sare, tsani ne. In akwai sashen ginin ƙasa, a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, kada a ce sai an dawo, ruwan Agusta ba ya jira.

A rufe ruwa daga babban makunni, a zubar da na tanki. A kashe wuta daga mita, a cire duk abin da ke jikin soket, a kwashe firji a bar ƙofarsa a buɗe. Tukunyar gas a kai gidan 'yan'uwa. Kada a bar ko tiya ɗaya ta hatsi, ɓera da gafiya za su zo, maciji ya biyo su. Katifu da littattafai da kayan sawa a ɗaga su daga ƙasa a kuma janye su daga jikin bango saboda gara da danshi, ƙafafun katako a shafa musu maganin gara. Masai na zamani yana da ɗan ruwa da ke tsayawa a wuyansa yana tare wari da kyankyasai, in ya bushe sai gidan ya cika da su, don haka a rufe bakinsa da leda a ɗaure, ko mai zuwa dubawa ya riƙa zuba bokiti ɗaya. Zinare, takardun gida da na makaranta, su bi ki.

In ba mitar kati gare ku ba, maigida ya rubuta wa kamfanin wuta cewa gidan zai zauna babu kowa daga rana kaza, ya karɓi shaidar sun karɓa, in ba haka ba ku dawo ku tarar da kuɗin wutar da ba ku sha ba. In kuna da inshora ko takaful a kan gidan, ku karanta takardar, da yawa suna da sharaɗin cewa in gida ya wuce kwana talatin babu kowa sai an sanar da su.

Makulli kuma a hannun mutum ɗaya, ba uku ba, wanda zai shiga duk mako ya buɗe tagogi iska ta ratsa, ya share ƙofar gida, ya duba gindin bango ko gara ta fara gini, ya kuma zo washegarin duk wani ruwa mai ƙarfi ya ɗaga kai ya kalli silin. Ki yanka masa wani abu duk wata ko da ɗan'uwa ne, ki ce ya riƙa turo miki hoto. Maƙwabciyarki ta kusa ta san ranar tafiyarku da lambar da za ta kira, amma kada yara su sa labarin tafiyar a Facebook ko WhatsApp. In kuma akwai ƙanin maigida ko wani ɗalibi nagari da zai riƙa kwana a zaure, ya fi duk abin da na lissafa.

Wasiƙar mai tambaya a kan dekin da ke yoyo, da ta mai son sanin bambancin bulon inji da na hannu, sun iso, za su fito a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.